Sai da Super shida lefe zai cika?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, an sa bikina nan da wata huɗu. Shekara biyu ina tara kuɗin lefe. Gwaggona, wadda ita ce za ta jagoranci kai kayan, ta ce lallai a sa Super shida, shaddar Getzner biyu da leshin Suwizalan, in ba haka ba a nemi wata ta kai, ita ba za ta je a yi mata kallon raini ba. Na shiga kasuwa na taya, na tarar kuɗin Super ɗaya zai sayi turmi takwas na atamfa mai matsakaicin kuɗi. In na bi lissafin Gwaggo, kuɗin zai ƙare ban sayi gwal ba, ban kuma cika kuɗin haya ba. Wani abokina ya ce in sayi kwafi mai tambarin Super, babu mai ganewa. Don Allah, kayan nan masu suna sun fi da gaske, ko suna kawai ake saya? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam ango. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Super ta fi, amma fifikonta bai kai ninki takwas ba. Gwaggo tana da rabin gaskiya, abokinka kuwa ba shi da ko kwata. Bari mu buɗe maka farashin nan da aka gaya maka, ka ga abin da ke ciki, don ka san inda za ka saki hannu da inda za ka damƙe.

Atamfar da mata ke kira Holan da wadda suke kira Super, duka kamfanin Vlisco ne ke buga su a garin Helmond na ƙasar Holan. Kamfanin ya faro tun 1846, Super kuwa a 1973 ta fito. Ana ɗaukar farin yadin auduga a bi da shi tsakanin wasu manyan naɗi biyu na tagulla waɗanda aka sassaƙa zanen a jikinsu, su shafa masa narkakken ƙaro ciki da bai, sannan a tsoma shi a rini. Duk inda ƙaro ya rufe, rini ba ya shiga. Dabara ɗaya ce da ta marinan Ƙofar Mata masu ɗaure yadi kafin su jefa a baba, sai dai can inji ke yi. Daga nan a kakkarya ƙaron a wanke, wani ya fita wani ya maƙale, shi ke barin ɗige-ɗigen nan da tsage-tsage masu kama da jijiya. Sauran launuka ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya, kowane launi zagaye guda ne na aiki. Super ta ɗara Holan da cewa zarenta ya fi siriri, saƙarta ta fi matsewa, shi ya sa ta fi laushi da ɗan ƙyalli. Abin da mai saye ke samu daga wannan wahala shi ne rini da ya ratsa zare har baya, launi da ke jure wanki, da yadin da ba ya saki ya zama tsumma bayan sitacin ya fita. Wannan ƙarko ne na gaske, ana iya taɓa shi da hannu.

Sai dai ba shi kaɗai kake biya ba. Akwai albashin ma'aikacin Turai, da masu zana fure, da talla, da jirgi, da kwastan, da ribar kowane hannu da turmin ya ratsa kafin ya iso shago. Sannan ga canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Duk abin da ake saya da kuɗin Turai ya bi ta. Super ɗin da yayyenka suka sa a lefe kafin lokacin ita ce dai wannan, ko zare ɗaya ba a ƙara mata ba, kuɗinta ne ya ninninka. Gwaggo tana ƙirga turame da idon wancan zamani.

To me ya sa har yanzu ake rububinta? Na farko, suna yana rage fargaba. Wanda bai iya duba yadi ba, in ya ga tambarin da ya sani hankalinsa ya kwanta, kuma wannan kwanciyar hankalin ita ma kaya ce da ake biya. Na biyu, lefe wasiƙa ce da mata ke karantawa. Ranar da aka buɗe akwati, dangin amarya suna auna darajar da aka ba 'yarsu da irin gidan da za ta shiga, kuma Super tana cikin kalmomin da kowa ya iya karantawa. Gwaggo ce za ta zauna a tsakiyar ɗakin ana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya, kai kana wurin aikinka. Kada ka raina damuwarta. Na uku, turmin Super da ba a ɗinka ba ajiya ce. Mace takan adana shi shekaru, ta kai gudunmawar biki da shi, ko ta sayar in ta shiga matsi, musamman tsofaffin zanuka da ba sa fita yayi.

Akwai na huɗu wanda ba a cika son faɗa ba: tsada da kanta tana juya kan mutum. A wani bincike da aka wallafa a 2008, wasu masana a Amurka sun ba mutane ƙwayar da babu magani a cikinta, suka ce musu sabon maganin ciwo ne, sannan aka riƙa ɗan jan su da lantarki a wuyan hannu. Rabi an gaya musu ƙwaya ɗaya dala 2.50 ce, rabi an ce an karyar da ita zuwa santi 10. Kashi 85 cikin ɗari na rukunin farko suka ce zafin ya ragu, a rukuni na biyu kashi 61. Ƙwaya ɗaya, farashi biyu. Haka hannu yake yi a shago: da zarar an faɗi kuɗi mai nauyi, sai yadi ya ƙara laushi a tafin mutum. Masu sayar da jabu sun san wannan sarai, shi ya sa wasunsu ba sa karya farashi sosai.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma haka ne, amma a yi lissafi. In kuɗin Super ya ninka na wata atamfa sau takwas, kafin ta mayar da kuɗinta ta fuskar ƙarko sai an sa ta ninki takwas na sawar waccan. Hakan ba ya faruwa, domin abin da ke kashe kayan amarya ba koɗewa ba ne. Jiki ne da yayi. An yi ɗinki ya kama jiki, bayan shekara an haihu, riga ta ƙi shiga. Ko salon hannun ya wuce. Sannan Super ba a sa ta a shiga kicin ana suyar manja. Sai suna, biki, sallah. Kayan da za ta sa kullum, a wanke kullum, su ne masu matsakaicin kuɗin nan. Saboda haka Super biyu suna yin aikin da shida za su yi: a gan su ranar lefe, a fita da su unguwa. Huɗun da suka rage zaman akwati za su yi.

Tsakanin Super da ta araha akwai fili mai faɗi da mutane ke tsallakewa. Uniwax da ake bugawa a Abidjan, wadda mata ke kira Kodebuwa, da GTP ta Tema a Gana, duka sun daɗe a ƙarƙashin gidan Vlisco, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na Super ba. ABC da ake ce wa 'yar Ingila an daɗe da mayar da bugunta Akosombo a Gana, sunan Ingilar ne ya rage mata. Daga Sin ma akwai masu zuwa da sunan kansu, irin su Hitarget da Chiganvy, kuma Sin tana yin atamfa hawa-hawa, daga ta ƙaro ta gaske har zuwa wadda fenti kawai aka shafa wa fuska ɗaya. Cewa “'yar Chana ce” bai gaya maka komai ba sai ka duba yadin.

Shawarar abokinka ita ce mafi muni cikin duk hanyoyin da ke gabanka. Kwafi mai tambarin Super takan fi atamfa mai sunan kanta tsada, alhali ba lallai ta fi ta kyau ba, ka ga kuɗin ƙarya ka biya. Cikin matan da za su zo ganin lefe kuwa ba a rasa wadda ta shekara talatin tana saye da sayar da atamfa. Za ta murza, ta juya baya, ta shinshina, ta ajiye ba ta ce komai ba, sai bayan an watse. Gidan da aka kai wa atamfa mai matsakaicin kuɗi da sunanta za su ce yaron ya yi daidai ƙarfinsa. Gidan da aka kai wa jabu a matsayin Super za su ce an raina musu hankali, kuma amaryarka ce za ta sha gorin. Ballantana ga hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ba a fara zaman aure da algus.

Yanzu ga yadda ake saye, domin haɗarin da ya fi kowanne shi ne ka biya kuɗin ta gaske a ba ka jabu. Ka tafi da rana, tare da mace wadda ta san kaya, yayarka ko Gwaggon kanta. In Kantin Kwari za ku shiga a Kano, ku nufi manyan diloli masu shago tsayayye, kada ku bi 'yan kamashon bakin layi, don ladansu a kan farashinka za a ɗora. Ku taya a shago uku kafin ku ciro kuɗi. Wanda ya sauko ƙasa da sauran da nisa, ku bar masa kayansa.

A warware turmin gaba ɗaya, ba a duba shi a ninke. A auna, yadi shida ne cif. A bakin atamfar Vlisco akwai sunan kamfanin da lambar zane. Lambar nan ta dace da wadda ke kan takardar da aka liƙa. A juya baya: ciki da bai su zo kusan ɗaya. Amma wannan gwajin fenti kawai yake kamawa, don kowace atamfar ƙaro tana cinye shi. Wanda ya fi shi shi ne a samu fure ɗaya a wuri biyu ko uku a jikin turmin a gwama tsage-tsagen da ke kewaye da shi. Ƙaro ba ya karyewa iri ɗaya sau biyu, saboda haka a ta gaske za su bambanta. In suka zo sak kamar hoto, zana su aka yi. A ɗaga yadin sama a kalli haske ta cikinsa, saƙa mai sako-sako takan tona kanta. A murza kusurwa da ƙarfi tsakanin yatsu: in farin gari ya fito kuma wurin ya yi laƙwas, sitaci ne aka cika ramukan saƙar da shi, wanki ɗaya zai tafi. A jiƙa farin hankici a goga. Ɗan shuɗi kaɗan ba laifi ba ne, rarar rini ce, amma in ja ko kore ya biyo hankicin sosai, zuba za ta yi. In an daidaita, idonka ya tsaya a kan turmin da ka duba har ya shiga leda, kuma a rubuta rasit da sunan kayan da sharaɗin mayarwa. Saye ta hoton WhatsApp ko Instagram daga wanda ba ka sani ba, sayen kifi a ruwa ne.

Shadda wani gida ne daban. Getzner, wadda ake kira gezna a kasuwa, kamfani ne a garin Bludenz na Ostiriya tun 1818. Furenta saƙa shi ake yi a cikin yadin da zaren auduga siriri ƙwarai, ƙyallin kuma daga matsa da guga na inji yake zuwa. A nan suna ya fi biyan kuɗinsa, domin shaddar araha sau da yawa ana gauraya ta da zaren roba, ta yi zafi a jiki, ba ta tsotsar gumi, dutsen guga kuma yana iya ƙona ta ya bar tabo mai sheƙi. Gwajin mai sauƙi ne. A zaro zare biyu ko uku daga bakin yanka, ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, a kunna musu ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa da warin leda ta dunƙule ta yi tauri. Kada ƙamshi ya rinjaye ka, turare kowa na iya fesawa. Gezna ɗaya ta isa.

Leshi kuwa nan ne muke ce maka ka damƙe hannu. Mai tsadar yana zuwa daga Lustenau a Ostiriya da St. Gallen a Suwizalan, aikinsa kuma yana da kyau, amma babu abin da yayi ke gudu da shi kamar leshi. Na bana baɗi ya zama na bara. Ka sayi mai matsakaicin kuɗi, ka juya bayansa ka ga ko ɗinkin a cike yake babu zare na lilo, ka sosa duwatsun da farce. Waɗanda gam kawai ya riƙe, wanki biyu za su zube.

Gwal shi ne kaɗai abin da ke cikin akwatin da za a iya mayarwa kuɗi kowace rana, kuma shi bai san suna ba, nauyi da karat ya sani. A jikinsa akwai lamba: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 karat 22. A auna a gabanka, a rubuta giram da karat a rasit, a raba maka kuɗin gwal da kuɗin aiki, domin ranar sayarwa kuɗin aikin ba ya dawowa. Haka duwatsun ado: da su ake auna maka ranar saye, ranar sayarwa a cire nauyinsu. Don haka sarƙa da 'yan kunne marasa tarkace sun fi riƙe daraja. Mai rami a ciki yana cika ido da ƙaramin nauyi, amma in ya lotse gyaransa wuya. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, amma tagulla ma ba ta bin sa, saboda haka wucewa gwajinsa ba shaida ba ce. Maƙerin gwal ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji.

Jaka da takalmi kada ka ɓata lokaci a kan tambari. Jakar Gucci ko Louis Vuitton ta gaske galibi ta haura dala dubu, kowa kuma ya san wadda ke rataye a kasuwa da sunansu ba ita ba ce. Duba ɗinki, zif da maƙalar hannu. Akwati ma haka: taya, zif da hannun ja su ke fara mutuwa, kuma cikin saitin ɗaya ko biyu ne za su taɓa yin tafiya, sauran saman wadirob za su tare. Kayan shafa ne inda araha ke cutarwa, don a fata za su zauna. Amarya ta rubuto wanda take amfani da shi, a saya a babban kanti, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Man da ke alkawarin haske cikin kwana bakwai a bar shi a inda aka gan shi. Irinsu ne ake samun sinadaran da ke sa fata ta yi siriri ta yi nankarwa.

Ga lissafin da muke ba ka. Ka fara ware kuɗin haya, sadaki da kuɗin ɗinki, waɗannan ba a taɓa su, kuma ba a cin bashi don lefe. Sadaki ne wajibi, lefe al'ada ce. Abin da ya rage a kasa shi uku. Kashi ɗaya gwal. Kashi ɗaya kayan suna: Super biyu, ko Super ɗaya da Holan ɗaya, sai gezna ɗaya. Kashi na uku sauran duka, wato atamfa takwas masu matsakaicin kuɗi, leshi biyu, mayafai, akwati, takalma da kayan shafa. Da farashin da kai ka jiyo, Super huɗun da ka sauke kuɗin turmi 32 ne. Ka sayi takwas, kuɗin 24 ya koma gwal da haya.

Gwaggo kuwa ba a yi mata gardama. Ka fara jin ta bakin amarya, ta faɗi launukan da take so da abin da ta fi buƙata. Wata gwal ya fi mata Super goma. In hali ya yi, ita ta shaida wa mahaifiyarta tun da wuri, don kada ranar buɗe akwati ta zo da mamaki. Sannan mahaifiyarka ko babbar yayarka ta je wa Gwaggo da maganar, a nuna mata cewa ba rage lefe aka yi ba, Super huɗu aka mayar sarƙa. Abin da take tsoro shi ne ta buɗe akwati ta rasa abin ɗagawa, kuma wadda ta ɗaga gwal mai rasit ta fita kunya. Ka roƙe ta ita ta zaɓo Super biyun da hannunta.

Saura tela da wanki, inda ake kashe kaya masu tsada bayan an sha wahalar sayensu. Super ɗaya a bar ta a turmi, a ajiye inda babu laima, a riƙa fito da ita tana shan iska ana sauya ninkin, don fumfuna da kyankyaso ba su san tsada ba. Ɗayar a yi mata riga da zane ko bubu, zanen yadi biyu a bar shi ba yanka, rigar kuma tela ya bar rara a cikin ɗinki yadda za a iya buɗawa in jiki ya ƙaru. Ɗinkin yayi mai yanka-yanka a yi shi a kan masu matsakaicin kuɗin. Wanki da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba a jiƙa ta ta kwana a garin wanki, ba a kusantar ta da bilic, a juya baya a shanya a inuwa, a goge ta bayan. Shadda ba a cuɗa ta ba a matse ta. A tsoma, a ɗauraye, a rataye ta tsane, in ƙyallin ya ja baya a kai wa 'yan bugu.